A Maido Mini da Haƙorina

Zuwa ga mai girma Magajin Garin Sassumbrum,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Zakariya'u Ɗan Azumi, wanda aka fi sani da Mushe Zakariya'u, wato Malam da Faransanci, tsohon daraktan lakwal, shugaban makaranta ke nan, yanzu ina gida ina hutawa. Na san ba sai na gabatar maka da kaina ba, tunda shekara biyu ka yi a ajina, benci na uku gefen taga, amma takardar hukuma tana da tsari, ni kuwa ban saba tsallake tsari ba. Na kawo ƙarar mijin ƴata, Ukasha, mai kiran kansa Furofesa, a kan haƙori guda ɗaya.

Ga asalin haƙorin. A shekarar 1987 aka tura ni koyarwa can arewa, wani ƙauye wajen Ingal. Wani Buzu, uban ɗalibina, ya tsinto shi a wurin kiwo ya kawo mini kyauta. Tsawonsa santimita tara da milimita huɗu, baƙi-baƙi ne mai sheƙi, da tsini kamar ƙahon ɗan akuya, da nauyi irin na dutse. Wani masani da ya ratsa ta garin ya duba shi ya ce na dinozor ne, wato irin manya-manyan ƙadangarun nan da suka rayu suka ƙare tun kafin ɗan Adam, kuma shekarunsa sun haura miliyan ɗari. Na ajiye shi cikin gwangwanin madara na shimfiɗa masa auduga. Duk ajin da na koyar sun riƙe shi, ɗaya bayan ɗaya, da hannu biyu. Kai ma ka riƙe shi, ka kuma sake shi ya faɗi ƙasa wata ranar Laraba a 1998. Ɗan tsagun da ke gindinsa aikinka ne. Na yafe maka tuntuni, na ambata ne kawai don ka tuna abin da ake magana a kai.

Shi kuwa Ukasha, bara ya tafi arewa neman zinariya. Ya yi wata huɗu ya dawo babu zinariya, sai baƙin tabarau da burushin fenti da sabon suna. A teburin mai shayi yake ba da labarin wai ya yi aiki da Turawa masu haƙar dinozor, wai ba sa ɗaga ko ƙashi ɗaya sai sun ji ta bakinsa, wai ranar da zai taho babbansu har hawaye ya yi. Direban kamiyon, babbar motar kayan da ta dawo da shi, ya gaya mini gaskiyar abin: motar Turawan ce ta kafe a rairayi, Ukasha yana cikin waɗanda suka tura, aka ba shi gorar ruwa.

Ran nan bayan la'asar ya zo zaurena ya durƙusa, bai ko cire tabarau ba. Ya ce zai buɗe gidan tarihi a garin nan, shi muze yake cewa, a cika shi da haƙoran dinozor da na dodannin teku. Turawa za su riƙa zuwa ayari-ayari, har ya riga ya zaɓi filin ƙwallon yara a matsayin inda jirginsu zai sauka. Abin da yake so shi ne in ara masa nawa ya nuna wa mutane samfuri.

Na yi masa bayani a tsanake, kamar yadda nake yi wa ƴan aji biyu, cewa ana samun irin wannan abu ne inda tsofaffin duwatsu suka fito fili, mu kuwa nan rairayi ne da gonakin hatsi da gyaɗa.

Ya ce, "Baba, dinozor ɗin nan yana da ƙafafu ko ba shi da su?"

Na ce yana da su.

"To raƙuman Buzaye ma da suke da ƴan siraran ƙafafu suna gangarowa nan ƙasar Magariya kiwo duk rani. Shi mai ƙafa kamar turmi me zai hana shi?"

Na ce ba zan bayar ba. Sai mai ɗakina Hinda, wadda take sauraro daga bayan ƙofa kamar yadda ta saba, ta leƙo ta ce shekara talatin da biyar tana share ƙura a kan gwangwanin nan bai taɓa tsinana mata komai ba, yau yaro ya zo da dabara in bar shi ya gwada. Don a zauna lafiya na bayar, aron kwana uku. Na rubuta takarda ya sa hannu, kofenta yana haɗe da wannan wasiƙa.

Kuskurena ɗaya ne, na kuma amsa shi: halin malami. Da ya tambaye ni yadda ake gane na gaske, na kasa yin shiru. Na ce masu wannan aiki wani lokaci sukan ɗora harshe a kan guntun abin da suka tsinta, in ya ɗan kama harshen sai su san ƙashi ne ba tsakuwa ba. Ina shirin ƙara masa da cewa wannan gwaji ba ya nuna shekaru, kuma ba a yin sa a kan haƙori mai santsi, ashe ya riga ya tashi babur.

Kashegari ya sa mai shela ya zaga gari da lasifika, wai duk wanda ya kawo tsohon haƙori za a rubuta sunansa a bangon muze Turawa su karanta. Ka san mutanenmu. Rabi sun yarda, rabi kuma sun ga abin kallo ya samu kyauta. Kafin azahar an fara kawowa cikin ƙwarya da kwano da bakin zane. Ukasha ya kafa kujera gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya share kowane haƙori da burushin fenti, ya ɗaga shi sama ya duba ta cikin baƙin tabarau, sannan ya zaro harshe ya lasa.

Mai girma, duk haƙorin da ya shekara a juji rana tana dukansa, saiwarsa takan bushe ta yi ƙofofi, dole ya kama harshe. Saboda haka kowanne ya ci jarrabawa. Na jaki ya ci, na tunkiya ya ci, na wani kare da mota ta take a hanyar Waca shi ma ya ci da yabo. Tsohuwa Yakura mai ƙosai ta kwance ƙullin tsumma ta miƙa masa turamen haƙori uku. Ya lashe su ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ido, ya yanke hukunci cewa na jaririn dinozor ne wanda bai kai ga yaye ba. Sai da ya gama ta shaida wa jama'a cewa nata ne, wanzami ya cire mata su shekarar da aka yi fara, kuma tun rasuwar mijinta ba namijin da ya kusanci bakinta haka.

Wannan bai sa ya daina ba. Mai shayi ya ware masa kofinsa dabam ya ɗaure da igiya a jikin bishiya. Nazifa, ƴata, matarsa, ta ware masa kwano da moɗa. A masallaci aka riƙa barin gurbin mutum ɗaya dama da hagunsa, har liman ya kira shi gefe ya tambaye shi ko yana kurkure baki sau uku kawai ko yana ƙarawa. Ran kwana biyar leɓensa ya kumbura ya yi kamar na raƙumi. Da likita ya tambaye shi abin da ya ci, cewa ya yi kimiyya.

Daga nan ya juya kan dodannin teku. Ya taɓa jin na ce wasu wurare a arewa teku ne a zamanin da, sai ya yanke cewa tafkin bayan mahauta ragowar wannan teku ne. Ya shiga da shebur da safe, ya nutse cikin laka har ƙirji, sai da aka kawo amalanken shanu aka ɗaura masa igiya aka ja. Ya fito babu wando, amma yana rungume da muƙamuƙin raƙumi, yana gaya wa masu dariya cewa dodon ne ya riƙe masa ƙafa don ba ya son a tona asirinsa. Da tafkin ya gagare shi ya koma tonon ramuka a bayan gidajen unguwar mahauta, ya cika buhu guda.

Sai kuma ya lura nawa baƙi ne mai sheƙi, nasa kuwa farare ne da rawaya. Ya aiko aka ari babbar tukunyar gidana, wadda ake dafa abincin suna da ita, ya zuba haƙoran da muƙamuƙan, wasu da sauran nama a jiki, ya haɗa da bagaruwa da ganyen shayi da toka, ya yi kwana biyu yana dafawa. Warin ya kai har tashar mota. Ni da kaina na ƙirga ungulu goma sha ɗaya a kan katangarsa. Wata maƙwabciya ta yafa mayafi ta shiga ta yi wa Nazifa gaisuwa, ta tambaye ta a hankali wa ya rasu, kuma me ake jira ba a kai shi ba. Tukunyar ta dawo mini, amma ko kaji ba sa shan ruwa a cikinta.

A duk wannan lokaci ina zuwa karɓar abina. Na je ran kwana uku, na je ran kwana tara, na je ran kwana ashirin da uku. Kullum amsa ɗaya ce, wai yana laboratwar, wato ɗakin bincike. Da na matsa a nuna mini laboratwar ɗin, sai aka nuna mini tsohon akurkin kaji an rufe da kwaɗo, makullin kuma wai ya faɗa tafki tare da wandon.

Ranar buɗe muze ta zo, ranar kasuwa. Kai ba ka samu zuwa ba, ka turo mataimakinka, wanda zai tabbatar maka da abin da zan faɗa. Ukasha ya ce yana son inda jama'a suka fi yawa, don haka ya kafa rumfarsa a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Ka duba wannan da kyau. A duk faɗin ƙasar nan, ya rasa inda zai baje haƙora sai gaban mutanen da sana'arsu tun safe har yamma ita ce buɗe bakin dabba su faɗi shekarunta.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebura uku, ya jera haƙoran, kowanne da ƴar takarda. Ya sa riga mai aljihu da yawa, ya riƙe sanda yana nunawa. Wannan shekara miliyan ɗari, wannan miliyan ɗari da goma, wannan kuwa, wato muƙamuƙin raƙumin, dodon teku ne da yake haɗiye kwalekwale da mutanen ciki. Na ɗaga hannu in tambayi wa ya sassaƙa kwalekwale a zamanin da babu mutane, ya ce tambayoyi sai an gama.

Cikin masu kallo akwai Baffa Tamu, Bafillacen nan mai noma da kiwo da ke zaune gabas da gari, dattijo marar yawan magana. Ya rataya sandarsa a wuya, ya matso ya ɗauki haƙori ɗaya ya juya shi.

Ya ce, "Furofesa, wannan shekara nawa ka ce?"

"Miliyan ɗari da goma."

"Huɗu ne, ya shiga ta biyar. Sa ne, kuma bai sha wahala ba."

Ukasha ya yi murmushi ya ce wa mataimakinka a yi wa Baffa uzuri, bai yi lakwal ba. Baffa bai ko kalle shi ba, ya ci gaba da bin teburin. Wannan jaka ce, tsohuwa, ta haura goma sha biyar, kuma tana da halin cin igiya. Wannan tumaki biyu ne aka haɗa. Dodon teku kuwa taguwa ce, ga inda akala ta goge mata. Sauran dillalai suka matso suka shiga gardama, ba a kan ko dinozor ne ba, a'a, a kan ko jakar ta kai sha shida. Ukasha ya ce su nasu ilimin na daji ne, shi harshensa Turawa ne suka horar da shi. Wani dillali ya ce to ya zo ya lashi bijimin da yake sayarwa, ko zai ƙara masa daraja.

Sai Baffa ya tsaya cak a kan wani muƙamuƙi. Ya daɗe yana shafa wani haƙorin gaba mai karyayyen gefe. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa.

"Wannan na san shi. Bijimina ne, Goje. A kan bakin rijiya ya karya wannan haƙori, ina tsaye. Shekara biyu ke nan da ya ɓace da kaka, na neme shi har Mallawa. Ina ka samo shi?"

Mai hankali zai ce ya manta. Amma Ukasha ya ga dama ta samu ya nuna shi masani ne. Ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya karanta da ƙarfi: bayan gidan mahauci wane, ya kama suna, taku bakwai daga katanga, zurfin mita ɗaya da rabi, tare da ƙaho biyu da fata da ta ruɓe, alamar dinozor mai ƙaho. Na shaida cewa tun da na san shi, wannan ne karo na farko da ya faɗi gaskiya da awo daidai.

Mahaucin yana tsaye a wurin da tiren tsire a hannu. Ba zan rubuta sunansa ba tunda maganarsa tana gaban sarki. Abin da ya biyo baya bai ɗauki minti uku ba. Sanduna suka tashi, mahauta suka taso daga rumfunansu, wani matashin bijimi ya tsinke igiya ya bi ta tsakiyar muze. Tebura uku suka kife. Mataimakinka ya bar takalmi ɗaya. Furofesa ya shige ƙarƙashin amalanke, daga can yake kira a kiyaye kayan tarihi, har jandarmomi suka iso suka jawo shi ta ƙafa.

Ni kuwa, mai shekara sittin da takwas, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke wurin, na durƙusa da gwiwoyina cikin kashin shanu ina tsintar haƙora ɗaya ɗaya. Ɗari huɗu da goma sha biyu na tara. Na duba kowanne sau biyu. Nawa ba ya ciki.

Da jandarmomi suka sallame shi da yamma na tare shi a ƙofar gidansa. Tabarau ɗin saura ido ɗaya, amma bai cire ba. Ya dube ni da tausayi.

Ya ce, "Baba, da ma ina jin nauyin gaya maka. Na lashi naka sau bakwai, bai kama ba ko sau ɗaya. A cikin duka, naka ne kaɗai na jabu. Buzun nan ya cuce ka."

Na tambaye shi ina yake. Ya ce ba zai sa jabu a muze ya zubar da sunansa ba, don haka tun kwana na biyu ya ba Nazifa, ya ce mata haƙorin kada ne kawai, ta yi abin da ta ga dama da shi. Nazifa ta ce ita ta ba innarta. Innarta, mai girma, ita ce Hinda, wadda take zuba mini tuwo kullum tana kallona ina zirga-zirga zuwa akurkin kaji.

Na isa gida na same ta a tsakar gida da jikarmu Hanan a cinya, ƴar Nazifa, mai wata bakwai. A wuyan yarinyar akwai sabuwar laya ta jar fata, doguwa, mai tsini. Ban buƙaci ma'auni ba. Ka san abin da matan garin nan suke yi in yaro ya fara haƙori: a nemo haƙorin kada a kai wa baduku ya ɗinke a rataya masa, wai don su fito ba zazzaɓi ba gudawa. Hinda ta ce ta daɗe tana nema ba ta samu ba, ashe yana cikin ɗakinta a gwangwani.

Na ce wannan ba kada ba ne, dinozor ne.

Ta ce, "Malam, da bakinka ka ce ya fi kada girma."

Na ce ya fi.

"To ai sai ya fi aiki. Ka ga ta yi zazzaɓi?"

Na ɗauko reza in farke ɗinkin. Ta sa yarinyar a baya ta ɗaure da zane, ta ce ba a cire irin wannan laya sai haƙoran yaro sun gama fitowa duka, in an cire kafin nan sai su fito a karkace, kuma in ina son in taɓa ta sai dai in fara da ita. Na kawo mata littafi na nuna mata hoto. Ta ce dabbar ta yi kama da Ukasha ranar da leɓensa ya kumbura.

Saboda haka, mai girma, ga abin da nake nema. Na farko, a hana Ukasha amfani da sunan Furofesa a ko'ina cikin wannan gunduma, a kuma hana shi lasar duk abin da ba abinci ba a bainar jama'a. Na biyu, ya tsaya a bakin kara ranar kasuwa, da lasifikar da ya yi shela da ita, ya janye maganar cewa haƙorina jabu ne, domin wannan ta fi komai ci mini rai. Na uku, ya kwashe buhun haƙora ɗari huɗu da goma sha biyu da ke zaurena, karnuka sun hana ni sakat. Na huɗu, kuma shi ne babba, hukuma ta aiko da takarda mai hatimi zuwa ga Hinda, matar Zakariya'u, cewa abin da ke wuyan Hanan kayan koyarwa ne, a maido shi gwangwaninsa. In za ka aiko, ka turo mutum mai ƙarfin hali, kada ka turo mataimakinka.

Ina roƙon a gaggauta. Yaro yana yin haƙora ashirin. Yau da safe na wanke hannu na buɗe bakin Hanan na duba, biyu ne suka fito, kuma ta cije ni da su. Saura goma sha takwas. Na lissafa zan jira kamar shekara biyu, na fara lallashin kaina in haƙura. Sai ɗazu na ji Hinda tana gaya wa maƙwabta ta kan katanga cewa masu son aron layar su bi layi, mata huɗu sun riga sun kama wuri, kuma kafin a zo kansu akwai na gida, domin Nazifa tana da wani cikin.

Naka, wanda ya koya maka rubutu,
Zakariya'u Ɗan Azumi